Hasken da Na Riƙe wa Wani

Jarwal, Makka, ƙarshen Zulhajji 1371

Ya Baraka, ya ruwan sanyi a tulun ƙasa ranar da iska mai zafi ta taso daga duwatsu! Ya furen Ɗa'ifa da ake tsinka kafin rana ta taɓa shi, ya zumar magarya, ya farin watan da ke leƙowa ta bayan dutsen Abu Ƙubaisi har masu hira su yi shiru su ɗaga kai! Ina gaishe ki da gaisuwar mutumin da ya wasa wuƙa da hannunsa, ya miƙa ta da ladabi, ya kuma tsaya aka yanka shi da ita. Ki yi haƙuri da rubutun. Allona bai yi nisa ba, baƙaƙen nawa suna tafiya kamar raƙuman da aka ɗora wa kaya ya fi ƙarfinsu. Amma za ki gane. Gwaggo Sa'adatu ta yarda ta kawo miki, bayan ta zage ni son ranta.

Safiyar Talatar nan da ta wuce, rana ta ɗan ɗaga, na ga fuskarki.

Kin ji yadda maganar ta fito da sauƙi? Ni kuwa shekara da shekaru nake tanadinta. Na ɗauka ranar da zan faɗe ta, zan faɗe ta ne da ƙamshin turaren wuta a rigata, mata suna guɗa a tsakar gidanku, ni kaɗai a gabanki. Ban taɓa zaton zan faɗe ta a takarda, da ɗaci a maƙogwaro, kamar mai kai ƙara ba.

Tun shekarar da mahaifiyarki ta saka miki burƙa irin ta 'yan matan Makka ban sake ganinki ba, kuma ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Na ce haka ake yi a garin nan, kuma abin da aka rufe don darajarsa aka rufe shi. Sai na koyi saninki ta inda aka bar mini. Na san tafiyarki a cikin mata talatin masu baƙin mayafi, don kina ɗan taka ƙafar hagu da nauyi. Na san ɗan tarin da kike yi kafin ki yi magana a bayan ƙofa. Na san tabon ƙunar butar shayi a gindin babban yatsanki, na san lokacin da lallenki yake sabo da lokacin da ya fara komawa ruwan goro. Da waɗannan gutsattsarin na rayu, ya hasken raina, kamar tantabarun Harami da ke ƙoshi da ƙwaya ɗaya-ɗaya. Wa ya taɓa jin na ce ban ƙoshi ba?

Fuskar da nake ɗauke da ita a zuciyata ta yarinya ce. Kin tuna shekarar ambaliyar Laraba, da ruwa ya sauko daga duwatsu ya cika lunguna, ya kwashe tabarmi da awaki da ƙofofin mutane? Lokacin kuna zaune kusa da mu, ba ku koma unguwar Zahir ba tukuna. Na tsince ki a kan dakalin mai gasa burodi, ruwa ya kewaye ki, na ɗora ki a wuyana. Kika kama kunnuwana biyu kamar kunnuwan tukunya, kina ihu, ba don ranki ba, don takalminki ɗaya da ruwa ya tafi da shi. “Ya Ganiyu, ka bi shi! Sabo ne!” Ni ina neman inda zan sa ƙafa, ke kina neman takalmi. Tun daga ranar wuyana bai daina jin nauyinki ba. Na girma da shi, na yi aiki da shi, ina kwana da shi.

Kin san inda nake aiki, amma bari in faɗa miki kamar ba ki sani ba, don ki ga abin da kika taka. Maigidana Haji Yunus mutumin ƙasar Sin ne. Alhazan ƙasarsu a gidansa na unguwar Misfala suke sauka tun kafin a haife mu, wasu su zo da kayan gadonsu su bar masa ajiya, sai kuma yaƙi ya rufe musu hanya, ko mutuwa ta riga su. Kayan suka taru a ɗakin sama. Ni nake share ɗakin. Ni nake goge ƙurar da gashin tsuntsu, shi yana tsaye a kaina yana cewa, “Shuwayya shuwayya, a hankali, ya waladi, masu su za su dawo.” Ba wanda ya dawo. Akwai faranti na tangaran da in ka ɗaga shi ga taga sai ka ga inuwar yatsunka ta cikinsa. Akwai kaskon turare da aka rubuta Bisimilla a jikinsa da wani irin rubutu mai kama da ganyen kara da iska ta kaɗa. Akwai tulu fari mai shuɗin zane, ya kai mini ƙirji, reshen fure ya nannaɗe shi tun daga gindi har wuya. Akwai ƙyallen alharini dogo da aka zana duwatsu a kansa, ba irin namu baƙaƙe tsirara ba, duwatsu masu itatuwa, gajimare ya ɗaure musu ƙugu, ruwa yana zubowa daga samansu. A can ƙasa, cikin wani ɗan kwalekwale, akwai masunci bai fi ƙwayar dabino ba. Haji Yunus ya yanko takarda kamar ƙwayar adas, ɗan ƙaramin waken nan, ya manna masa a fuska, don kada a ce ya ajiye surar mai rai a gidansa. Ki ji fa, Baraka: a wannan ɗakin har mutumin tawada rufe fuskarsa yake.

Wa ya sa miki son ɗakin nan? Ni. Ba wani ba, ni da bakina. Duk Juma'ar da na kawo wa mahaifinki burodin tamis, in ya shiga alwala, ina tsayawa a bakin ƙofa in zuba miki labarin abin da na goge a makon, ke kina ciki kina ja mini zance. “To da gaske akwai ƙasar da ruwa ke zubowa daga dutse ba ranar ambaliya ba?” Na ce akwai. “Ba ya cinye mutane?” Na ce a'a, a gefensa suke zama su sha shayi. Sai kika ce, “Ina ma.” Sai na ce miki ranar da aka shafa mana Fatiha, washegari zan roƙi Haji in kai ki ki gani da idonki. Wannan ɗakin shi ne abin da na mallaka ban mallaka ba. Ba ni da gona, ba ni da kanti. Shi ne lefen da na tanada miki a cikin kaina.

Sai aikin hajji ya kawo Malam Rabi'u. Ɗan'uwanku ne ta wajen kakarki, akawu ne daga Kano, ya sauka a gidanku kamar yadda baƙi ke sauka. Ba zan yi masa ƙarya ba: mutum ne mai fara'a, yana gaida na ƙasa da shi, hularsa ba ta karkacewa. Yana da akwatin ɗaukar hoto da yake naɗewa a cikin dadduma, don ya san a garin nan ba kowa ke son ganinsa ba. Ya ɗauki gadar Hartum, ya ɗauki jirgin ruwa, ya ɗauki raƙuma a hanyar Jidda. Wa ya ba shi labarin ɗakin Haji Yunus? Ba mahaifinki ba, don bai san tangaran daga ƙwarya ba. Maganata ce, wadda na raɗa miki ta bakin ƙofa, na ji ta fito daga bakin baƙo, har da masuncin, har da ruwan da ba ya cinye mutane. Ya ce irin wannan ɗaki a Masar gida guda ake gina masa, mutane su shiga layi. Mahaifinki ya ce, “Abdulganiyyu, ka yi wa baƙonmu hanya.” Na ce to, Baba. Na yi ta bin Haji Yunus ina roƙo har ya gaji ya ce, “Tayyib, amma kada ya taɓa komai.”

Da safiyar ta zo, sai ga ku uku a bakin lungu: shi, da Gwaggo Sa'adatu tana haki, da wata mai baƙin mayafi mai taka ƙafar hagu da nauyi. Na ce a raina, ba haka muka yi ba. Amma na ce ba komai, yarinya ce, ta ƙagu, ai dai ni ne zan buɗe mata ƙofar.

Ɗakin duhu gare shi, taga ɗaya ce ta katako mai ƙananan ramuka. Malam Rabi'u ya leƙa akwatinsa ya ce ba zai ɗauku ba, akwatin haske yake ci. Ni na kawo dabara. Na ɗauko babban tiren tagulla da ake kai wa baƙi shayi, wanda na goge da toka da lemon tsami, na tsaya a ƙofar da ke fita saman soro inda rana ke dukan bango, na tare ta da tiren na jefa ta cikin ɗakin. Haske ya shiga kamar an zuba ruwa. Shuɗin tulun ya farka. Duwatsun alharinin suka matso. Na ji kin ja numfashi a ƙarƙashin burƙa, na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, na ce wannan numfashin nawa ne. Shi yana cewa, “Ɗaga kaɗan, abokina. Yauwa. Koma dama. Tsaya nan, kada ka motsa.” Ni ina tsaye, rana tana cin ƙeyata, tagulla tana ƙona mini yatsu, ina kai masa haske daga faranti zuwa kasko, daga kasko zuwa ƙyalle.

Da aka zo kan babban tulun sai ya ce a hoto ba a gane girman abu sai mutum ya tsaya kusa da shi. Ya dubi Gwaggo. Ta ce, “Ni? Ka rufa mini asiri, ɗan nan, in mutu a tashe ni a ce in hura wa takarda rai?” Kowa ya yi dariya. Sai ke kika taka kika tsaya. Ya leƙa akwatin, ya ɗago yana murmushi ya ce, “A Kano cewa za a yi tulu biyu na ɗauka, ɗaya fari, ɗaya an rufe shi da baƙin buhu.”

Wasa ya yi. Bai ce ki buɗe ba. Na juya maganar nan a kaina ta kowane gefe ina neman inda ya ce ki buɗe, don in sami wanda zan ƙi ba ke ba, ban samu ba. Ke kika yi dariya, kika sa hannun nan mai tabo, kika ɗage burƙar, kika mayar da ita bayan kanki.

Wayyo Baraka! Wayyo abin da Allah ya yi a ɓoye cikin shekarun da nake jira! Yarinyar da ta yi kukan takalmi ta tafi, aka bar wata da ban sani ba kuma na sani. Goshi kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Gira kamar an ja ta da alƙalamin da ya rubuta Bisimillar kaskon nan. Ɗan rami a kumatun dama da ban san ya tsira ba. Duk tangaran ɗin ƙasar Sin da ke ɗakin ya koma kasko a idona. Kuma wannan fuskar, wannan rumman da ya nuna a bayan katanga ina ta kewaya katangar, ba ni take kallo ba. Ramin gilashin akwatin take kallo, da mutumin da ke bayansa.

Kin san abin da ke hannuna a lokacin? Hasken. Da na karkatar da tiren nan faɗin yatsa ɗaya, da ɗakin ya koma duhu, da akwatin bai sami komai ba sai baƙi. Na sani. Hannuna ya sani. Ban karkatar ba. Yaya zan kashe fitilar da ta nuna mini ke? Na tsaya kamar an kafe ni, ina zuba miki rana a fuska, ina ciyar da akwatin wani da abin da na yi azuminsa shekaru.

Sau ɗaya kika juyo wajena. Kika yamutsa fuska, kika runtse ido, kika ce, “Kai Ganiyu, za ka kashe mini ido! Sauke kaɗan mana.” Shi ke nan rabona. Shi ya sami murmushin, ni na sami yamutsewar. Na kuwa sauke kaɗan. Ya ce kada ki motsa, ba ki motsa ba. Akwatin ya yi ɗan ƙaransa. Kika mayar da burƙa kamar mai rufe tukunya.

A hanyar sauka ya dafa kafaɗata ya ce, “Ban taɓa ganin hannun da ba ya rawa irin naka ba.” Na ce na gode.

Duk wannan, ya sanyin ƙirjina, zan iya haɗiye shi. Na haɗiye abin da ya kusa kai shi. Zan iya cewa ƙuruciya ce, zan iya cewa ɗakin ne ya ɗauke miki hankali, ni ma ranar da na fara shigarsa na manta sunana. Zan iya jure tunanin cewa fuskarki za ta hau mota zuwa Jidda, ta haye teku, ta bi jirgin ƙasa da manyan motoci har Kano, ta faɗa hannun mazan da ban sani ba, su riƙe ta da yatsu masu maiƙon tsire su ce, “Wace ce wannan?” ya ce, “Wata 'yar'uwa ce a Makka.” Ni ba na cikin hoton. Ba wanda zai tambayi daga ina hasken kumatun ya fito. To, na yarda. Wannan ma zan iya.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na washegari. Na zo ƙofarku, na jira mahaifinki ya shiga, na ji ɗan tarin nan naki. Na ce, “Baraka, jiya me ya sa?” Ban ɗaga murya ba. Kika ce, “Me ya sa me?” Na ce, “Fuskar.” Kika ce, “Wace fuska? Ya Ganiyu, rana ce ta shiga idonka, ka daɗe a tsaye da tiren nan. Je ka sha ruwa ka kwanta.” Har da 'yar dariya. Kika turo ƙofar a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya.

Ni, Baraka? Ni rana ta shiga wa ido? Ni da na san ranar da kika canja munduwa daga ƙararta? Ba ni da karatu, ba ni da akwati, ba ni da hular da ba ta karkacewa. Ido nake da shi. Da shi nake cin abinci, da shi na so ki. In kika ce mini ido na ƙarya yake yi, me kika bar mini? Da me zan shiga gidan da za mu zauna? Yau fuska ce, gobe in na ga hawaye a idonki ki ce hayaƙi ne, jibi in na ga kina kallon hanya ki ce tsuntsu kike kallo, in yi ta zama kusa da ke ina tantamar kaina har in tsufa. Da ki ce mini, “Na buɗe, na so ne, ba ruwanka,” da ya fi mini sauƙi sau dubu. Mari ne, amma marin mai rai ne.

Na ji kuma, ba daga bakinki ba, cewa ya tambayi mahaifinki ko an yi miki miji, Baba ya ce ba a shafa Fatiha ba tukuna. Gaskiya ya faɗa. Ba a shafa ba, don ni na ce a jira in kammala ɗakin da nake ginawa a bayan gidan kawuna, kada in kawo ki inda za ki ji kunyar ƙawayenki. Haƙurin da na ɗauka ado ne, ashe ƙofa na bari a buɗe.

To ga inda muke. Kawuna ya wanke babbar rigarsa, ya sa an sa mata shuni. Ranar Juma'a, bayan motocin alhazai sun tashi, zai zo wajen mahaifinki da maganata. Ba na so dattijo ya taka har Zahir a wannan zafin ya dawo da kunya. Ba na roƙonki ki karɓo hoton, ya riga ya shiga akwati. Ba na roƙonki ki yi kuka, ko ki rantse, ko ki ce kin tuba, ni ba alƙali ba ne. Kalma biyu nake roƙo, ki ba Gwaggo ta kawo mini: “Ya faru.” Shi ke nan. In na ji su, wallahi ba zan sake tayar da maganar ba har a binne ni, kawuna zai zo, in kuma ranar ta zo zan ɗage burƙar nan da hannuna kamar ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta ba. In kuwa zuciyarki ta riga ta hau mota, ki faɗa, wannan ma gaskiya ce, zan ɗauke ta a wuyan da ya saba ɗaukarki. Amma in shiru ne, ko kuma zancen rana ne, zan ce wa kawuna ya ninke rigarsa.

Kada ki ɗauka ninke riga shi ne ninke zuciya. Ko kin zo, ko kin tafi, ko kin zauna a bayan ƙofar nan kina ce mini mafarki na yi, ba wata mace da za ta sami abin da na ajiye miki. Duwatsun Makka za su yi ganye kafin in so wata. Zan ci gaba da goge ƙurar kayan mutanen da ba za su dawo ba, na iya wannan aikin, na daɗe ina koyonsa.

Naki jiya, naki yau da ɗacinsa, naki har ranar da za a ɗauke ni zuwa maƙabartar Ma'ala,

Abdulganiyyu

Bayan haka. Ba don in tsorata ki ba, don na bi su ɗaya-ɗaya na roƙe su, sun kuma yi mini alkawari ba mai kai wa mahaifinki. Amma ki sani ba ni kaɗai ba ne. Haji Yunus ya gani, shi ne ya juya fuskarsa ga bango yana jan carbi. Gwaggo Sa'adatu ta gani, ita da ke riƙe da takardar nan yanzu, ki dubi idonta ki tambaye ta. Akwai kuma wanda ba ki lura da shi ba: Wada mai kawo mana ruwa, yana kan matakala da garwa biyu a kafaɗa, ya tsaya baki buɗe har ruwan ya jiƙe masa ƙafa. Su ba su riƙe tire ba, Baraka. A inuwa suke, su ukun.